Kwamfuta Ɗaya Ga Kowane Yaro: Sharhi A Kan Shirin OLPC Da Matsayin Malami A Cikin Aji

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wani shiri na shigar da kwamfuta cikin makarantun firamare, wanda ya yi tashe a duniya daga shekarar 2005, watau shirin da aka fi sani da OLPC, wanda ma'anar sunansa ita ce Kwamfuta Ɗaya Ga Kowane Yaro. Dalilai uku ne suka sa muka zaɓe shi. Na farko, daga cikin shirye-shiryen da aka yi na sa na'ura a hannun 'yan makaranta a ƙasashe masu tasowa, shi ne ya fi suna da girman buri. Na biyu, Nijeriya na cikin ƙasashen da aka soma gwada shi. Na uku kuwa, masana sun auna sakamakonsa awo mai inganci, saboda haka ba sai mun dogara da ji-ta-ji-ta ba.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, masu shirin sun ƙera na'ura mai kyau, amma sun ɗora ta a kan gurguwar fahimta game da yadda yaro ke koyon karatu, domin sun ɗauka da zarar yaro da kwamfuta sun haɗu, to, zance ya ƙare, malami ya zama ɗan rakiya. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, mu da aikinmu shi ne horar da malaman firamare. Tauraron shirin ya daɗe da dusashewa, amma tunanin da ya haife shi yana nan da ransa, kuma shi ne ke sake ɗago kai duk lokacin da aka yi bikin raba kwamfutoci a wata makaranta. Kowace naira da aka kashe a kan na'urar da za ta ƙare a ɗakin ajiya, an hana ta ne ga littafi ko kujera ko horon malami.

2.0 ASALIN SHIRIN

Tushen shirin yana komawa ne ga Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi aiki tare da Jean Piaget kafin ya koma cibiyar MIT a Amurka. A shekarar 1967 shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro Logo, wani harshen ba kwamfuta umarni wanda aka tsara domin yara. A cikinsa yaro yakan umarci wani ɗan kunkuru ya yi gaba ko ya juya, shi kuwa kunkurun yana barin zane a bayansa. Yaron da ke son zana murabba'i dole ya gano da kansa cewa sai kunkurun ya yi tafiya mai tsawo ɗaya har sau huɗu, yana juyawa da digiri 90 a kowane karo. In zanen ya karkace, sai yaron ya koma ya nemi inda umarninsa ya sami tangarɗa. A cikin littafinsa Mindstorms na 1980, Papert ya bayyana cewa ta irin wannan hanya ce yaro ke gina ilminsa da hannunsa, ya kuma soki makaranta da cewa ɗura kawai take yi wa yara.

Nicholas Negroponte, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa sashen nazarin kafofin sadarwa na MIT, shi ne ya ɗauki wannan ra'ayi ya mai da shi shiri na duniya. A watan Janairu na 2005, a taron tattalin arziki na Dabos da ke Siwizalan, ya ba da sanarwar za a ƙera kwamfuta tafi-da-gidanka ta dala 100 domin yaran ƙasashe matalauta. A watan Nuwamba na wannan shekara aka nuna samfurinta a birnin Tunis tare da Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. Tsarin shi ne gwamnatoci su riƙa sayen miliyan guda a tashi ɗaya, don yawan ya karya farashin.

An kafa shirin a kan ginshiƙai biyar: kwamfutar ta zama mallakar yaron, ya tafi da ita gida, a soma da ƙananan yara 'yan shekara 6 zuwa 12, a ba kowane yaro da ke yankin, kada a bar kowa, a haɗa su da intanet, manhajar kwamfutar kuma ta zama kyauta, wadda kowa zai iya buɗewa ya gyara. Mai karatu zai lura cewa babu ginshiƙi ko ɗaya da aka keɓe wa malami, ko tsarin karatu, ko hanyar da za a gane yaro ya koyi wani abu. Wannan ba mantuwa ba ce. A 2011 Negroponte ya fito fili ya ce yana da niyyar jefa kwamfutocin hannu daga jirgi mai saukar ungulu a ƙauyukan da ba su da makaranta, a dawo daga baya a ga ko yaran sun iya karatu. A 2012 kuwa aka ajiye irin waɗannan na'urori cikin akwatuna a ƙauyuka biyu na Habasha, ba malami, ba bayani.

Ya kamata mu tuna cewa irin wannan alkawari ba sabo ba ne. Tun a 1913 Thomas Edison ya yi hasashen majigi zai kori littafi daga makaranta. Jamhuriyar Nijar ta soma koyarwa ta talabijin a 1964, Kwaddibuwa ta soma nata shirin a 1971 ta kuma rufe shi a farkon shekarun 1980. Larry Cuban, a littafinsa na 1986 a kan malamai da na'urori, ya nuna yadda abin ke maimaita kansa: a yi ta ɗoki, a sayi kaya, amfani da su ya yi ƙaranci, sa'an nan a ɗora wa malami laifi.

3.0 ABIN YABO A SHIRIN

Adalci shi ne mu soma da faɗin inda shirin ya yi rawar gani. Na'urar da aka ƙera, mai suna XO, an yi ta ne da tunanin yaron karkara. Tana jure faɗuwa da ƙura, ba ta cin wuta da yawa, kuma ana iya karanta fuskarta a cikin rana tsaka, abin da kwamfutocin kasuwa na lokacin ba su yi. Fitowarta na cikin abubuwan da suka zaburar da kamfanoni suka shiga ƙera ƙananan kwamfutoci masu araha.

Har ila yau, shirin ya tayar da maganar daidaito. A Yurugwai, inda aka kafa shirin Ceibal a 2007, kafin ƙarshen 2009 kowane ɗalibin firamaren gwamnati ya sami tasa, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Wannan shimfiɗa ta yi wa ƙasar rana a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu. Shi ma ra'ayin Papert na cewa yaro ya fi riƙe abin da ya yi da hannunsa, babu malamin da ya san aikinsa da zai musa shi. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Tambayar ita ce, bayan an raba na'urar, yaran sun fi iya karatu da lissafi?

4.0 SAKAMAKON DA AKA AUNA

Ƙasar Feru ta sayi fiye da kwamfuta 800,000, kuma a can ne aka yi awo mafi muhimmanci. Masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka sun ɗauki makarantun karkara 319, aka yi ƙuri'a wajen zaɓen waɗanda za su sami kwamfuta da waɗanda ba za su samu ba, don kada son rai ya shiga. Bayan wata 15 aka yi wa yaran jarrabawa, aka buga sakamakon a 2012. Kwamfutocin sun isa hannun yaran, kuma sun iya sarrafa su. An ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani. Amma a lissafi da harshe ba a ga wani bambanci ba tsakanin rukunonin biyu. Duk da cewa an zuba littattafai kimanin 200 a cikin kowace na'ura, ba a ga yaran sun ƙara himmar karatu ba. Wani bincike da ya bi diddigin shirin na tsawon shekara 10 shi ma bai ga ƙaruwa a sakamakon karatun yaran ba.

A Yurugwai ma, binciken da masanan jami'ar ƙasar suka fitar a 2013 bai ga tasirin rabon kwamfutar a karatu da lissafi ba. Abin lura shi ne matakin da ƙasar ta ɗauka a kan hanya: ta juya ga shirye-shiryen da ke da darasi tsararre, kamar koyar da Ingilishi ta bidiyo, inda malami na nesa ke aiki tare da malamin aji. A Faragwai kuwa, Morgan Ames, wadda ta zauna cikin makarantun ta kuma buga littafinta a 2019, ta tarar da yawa daga cikin na'urorin sun lalace, yara da yawa ba su damu da su ba, masu amfani da su kuma galibi waƙoƙi da wasanni da bidiyo suka fi nema. Yaran da suka yi irin ƙirƙirar da Papert ya yi mafarki 'yan ƙalilan ne, kuma akasari akwai wani babba da ke tsaye a kansu.

A nan gida, an gwada shirin a 2007 a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja. An sa ran Nijeriya za ta sayi miliyan guda, amma hakan bai tabbata ba. A cikin shekarar ne kafofin labarai suka ba da rahoton an sami wasu ɗalibai a Abuja suna kallon hotunan batsa da kwamfutocin, kafin a toshe hanyar. Ministan ilmi na lokacin, Igwe Aja-Nwachuku, ya tambayi hikimar raba kwamfuta ga yaran da ba su da kujerar zama. A duniya baki ɗaya, Negroponte ya yi hasashen raba fiye da miliyan 100 cikin 'yan shekaru, amma abin da aka raba bai wuce kimanin miliyan 3 ba.

5.0 DALILAN GAZAWAR SHIRIN

5.1 Wofintar da malami

Wannan shi ne babban aibin shirin. A Feru horon da aka tanadar wa malamai na awa 40 ne, kuma ya fi karkata ga yadda ake sarrafa na'urar. To, malamin da bai ga yadda sabon abu zai taimake shi koyar da kasafi gobe da safe ba, abu biyu zai yi: ko ya kulle shi a kabad, ko ya sa yara su kwafe abin da ke jikin allo zuwa cikinsa. Ta haka na'ura mai tsada take komawa littafin rubutu. Masu ɗora wa malami laifi a nan sun bar jaki suna dukan taiki, domin tun farko ba a tsara abin da shi ba. Ko a ajujuwan gwaji na Logo, inda Papert ya ga abubuwan ban sha'awa, akwai ƙwararrun manya a tare da yaran, suna yi musu tambaya, suna nuna musu inda za su duba. Shirin ya ɗauki na'urar ya bar waɗannan mutane, watau ya saki reshe ya kama ganye.

5.2 Karatu da harshe

Kafin yaro ya nemi ilmi da kansa a cikin kwamfuta, sai ya iya karatu tukuna, shi kuwa karatu ba ya zuwa kamar yadda magana ke zuwa wa jinjiri. Sai an nuna wa yaro cewa wannan alama ita ke wakiltar wancan sauti, a bi da shi daki-daki, a saurare shi, a gyara masa. Mu ɗauki misali daga Hausa, inda rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Kalmar "gari" iri ɗaya ake rubuta ta a cikin "ya shiga gari" da "ya tankaɗe gari". Yaron da ya ja wasalin farko a jimla ta ɗaya, ko ya gajarta shi a ta biyu, ya nuna cewa haruffa yake haɗawa, bai fahimci abin da ya karanta ba. Kunnen malami ne ke kama wannan nan take. Bugu da ƙari, yaron da bai ji Ingilishi ba, in aka miƙa masa na'urar da yawancin abin da ke cikinta da Ingilishi yake, an ba shi rumbu ne a kulle. Ba abin mamaki ba ne in ya tsaya ga hotuna da wasanni.

5.3 Kuɗi da gyara

Sa'ad da aka soma ƙera na'urar da yawa a ƙarshen 2007, farashinta ya kai kimanin dala 188, kuma an riga an cire hannun da aka ce yaro zai riƙa wanawa ya sami wuta. Kuɗin saye kuwa somin-taɓi ne. Akwai wutar caji, da intanet, da batir, da fuskar da ta fashe, da mai gyara, da sabuwar na'ura ga 'yan aji ɗaya na kowace shekara. Makarantar da samun alli ke yi mata wuya ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba.

6.0 INDA NA'URA TA YI AMFANI

Kada a ɗauka muna cewa na'ura ba ta da wuri a harkar ilmi. Misalai uku za su nuna sharaɗin da ke sa ta yi amfani.

A birnin Delhi na Indiya an gwada wata manhaja mai suna Mindspark a kan ɗalibai fiye da 600 na tsawon wata huɗu da rabi, aka buga sakamakon a 2019. Manhajar takan fara gano ainihin matsayin kowane yaro, ta ba shi aiki daidai da ƙarfinsa, ko da ajinsa ya wuce nan. Kowace rana yaro yakan yi minti 45 da kwamfuta, minti 45 da mai koyarwa. An sami ci gaba mai yawa a lissafi da harshen Hindi. Binciken ya kuma nuna cewa a aji guda ana samun yaran da tazarar da ke tsakaninsu ta kai aji biyar ko shida, wanda malami ɗaya ba zai iya biya wa kowa buƙatarsa ba.

A yankin Kisumu na Kenya, a 2013, an kwatanta hanyoyi uku a cikin shiri ɗaya na koyar da karatu: a ba yara na'urar karanta littattafai, ko a ba malamai kwamfutar hannu, ko a ba masu duba malamai kaɗai. Dukkansu sun sami littattafai da darussa tsararru da horo, kuma dukkansu sun ci gaba, amma ba a ga fifikon a-zo-a-gani tsakaninsu ba. Hanya mafi araha, watau ta masu duba malamai, ita ƙasar ta ɗauka a shirin Tusome na 2015.

A jihohin Doso da Damagaram na Nijar, a 2009 da 2010, an gudanar da ajujuwan yaƙi da jahilci cikin harsunan gida, har da Hausa da Zabarmanci, a ƙauyuka fiye da 100. A rabin ƙauyukan, bayan ɗalibai sun fara gane haruffa a hannun malami, aka koya musu amfani da ƙaramar wayar hannu, mutum biyar waya ɗaya. Waɗannan sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, domin sun sami dalilin yin rubutu a wajen aji.

A misalan nan uku, an san abin da ake son a koya, akwai malami, an yi aiki da harshen da ɗalibi ke ji, kuma ba a buƙaci kowane yaro ya mallaki na'ura ba. Wannan ya dace da rahoton ƙungiyar OECD na 2015, wanda ya nuna cewa ɗaliban da ke amfani da kwamfuta a makaranta daidai wa daida sun ɗan fi waɗanda ba safai suke taɓa ta ba, amma masu yawan amfani da ita sakamakonsu ya fi rauni.

7.0 DARASI DAGA MAKARANTAR ALLO

Tsarin abin karatu ɗaya ga kowane yaro ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa, mallakarsa ne, kuma kowa da inda yake: wani yana babbaƙu, wani farfaru, wani ya yi nisa. Amma ba wanda ya taɓa cewa allo ne ke koyarwa. Malam ne ke biya wa yaro, ya saurare shi, in ya ga ya riƙe ya ba shi izinin wanke allon ya yi masa ƙari. Muna kawo wannan ne ta fuskar dabarar koyarwa kawai. In aka duba da kyau, abin da manhajar Delhi ta yi shi ne ta taya malami wannan aiki na sanin matsayin kowane yaro da lokacin da ya isa ƙari. Shirin OLPC kuwa allon ya raba, ya sallami malam.

8.0 SHAWARWARI DA KAMMALAWA

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari:

(a) Kafin hukuma ta sayi na'ura, ta amsa tambayoyi huɗu: wane darasi za a koyar da ita, wane malami zai yi aiki da ita, da wane harshe, kuma wa zai gyara ta in ta lalace.

(b) A inda kuɗi ya yi ƙaranci, a soma da malami da mai duba shi, yara kuwa a wadata su da littattafai.

(c) A rarrabe tsakanin koyon sarrafa kwamfuta da koyon karatu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka ɗalibin sakandare yana da haƙƙin samun ɗakin kwamfuta mai aiki. Wannan buƙata daban take da ta ɗan aji biyu na firamare.

(d) A kwalejojin ilmi, kada darasin kwamfuta ya tsaya ga sunayen sassanta da buga rubutu. Kowane kwas na dabarun koyarwa ya nuna inda na'ura ke taimako da inda ba ta yi, a kuma duba wannan lokacin gwajin koyarwa.

(e) Sassan Hausa su duƙufa wajen rubuta littattafan karatu masu hawa-hawa da daidaitacciyar Hausa, waɗanda za su yi amfani a takarda da cikin na'ura.

(f) Kowane sabon shiri a gwada shi a makarantu kaɗan tukuna, a auna shi da yawan yaran da suka iya karatu da lissafi, maimakon yawan kayan da aka raba.

A taƙaice, shirin OLPC ya tabbatar da cewa ana iya kai kwamfuta hannun yaron karkara, ya kuma tabbatar, ba da son masu shi ba, cewa hakan kaɗai ba ya ƙara masa karatu. Sababbin na'urori za su ci gaba da zuwa, har da masu amsa tambaya kamar mutum, kuma kowace za ta zo da irin wannan alkawari. Nauyin da ke kanmu, 'yan'uwa malamai, shi ne mu yaye malaman da za su iya karɓar kowace na'ura su tambayi abin da za ta ƙara wa darasinsu, su yi aiki da ita in ta dace, su ajiye ta in ba ta dace ba.